Kyamara Huɗu Kafin Kan Doki Ya Fito: Nazarin Lamarin Wani Mai Hoto a Jos

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai ɗaukar hoton biki ne a Jos. Shekarunsa sun ɗan haura arba'in, yana da shago a cikin gari, gidansa kuma yana wata unguwa bayan titin Bauchi. Zan riƙa kiransa mai hoton. Ni maƙwabcinsa ne, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma ni na riƙe littafin da muke rubuta aikin kowane dare: kwanan wata, kayan da aka ɗora, tsawon lokacin da kyamara ta yi a buɗe, da yanayin sama. Daga littafin nan na ɗebo abin da ke tafe.

Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, manomi ne mai lissafin taurarin damina. Yakan fito da yara tsakar gida ya nuna musu Kaza da 'Ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya, ya nuna musu Zara kusa da wata. Can sha'awar ta samo tushe. Da ya girma ya riƙe kyamara, sai burinsa ya zama ɗaukar abin da ke can bayan wata da duniyoyin da ke kewaya rana: gajimaren gas da ƙura inda ake haifar taurari, wanda ake kira nebula, da manyan tarin taurari da ake kira galaksi. Abu ɗaya ya fi tsaya masa a rai, wato Kan Doki. Wani baƙin gajimare ne mai siffar kan doki a gaban jan haske, dab da Alnitak, na gabas cikin taurari ukun nan da ke jere a ƙugun tarin taurarin da ake kira Oriyon. Ido ba ya ganinsa. Ko Williamina Fleming da ta fara lura da shi a 1888, a jikin farantin hoto ta gan shi a Harvard.

Jos tana da abin da take bayarwa, tana da abin da take hanawa. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da ɗoriya, darensa da sanyi, kuma yana kusan digiri 10 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka Oriyon yakan hau kusan tsakar ka, kuma ana hango abubuwan kudu da mutanen Turai ba sa gani. Amma damina takan rufe sama daga Afrilu zuwa Oktoba, hazon hunturu kuma yakan yi kauri daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Ga fitilun sola na titi da na gidaje, waɗanda ba sa mutuwa ko an ɗauke wuta.

## Nuwamba zuwa Disamba 2022: kyamarar aiki a kan ƙafa-uku

Ya fara da abin da ke hannunsa: Canon EOS 6D, wadda yake aikin biki da ita, da lens mai kaiwa milimita 300, a kan ƙafa-ukun shago. A daren 23 ga Nuwamba, ranar da babu wata, muka hau saman bene. Ya saita a kan nebular Oriyon, wadda ke da nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,340, ya bar kyamara a buɗe sakan 30. Kowane tauraro ya fito kamar an ja layi da alli.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa ɗaya. Idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane gida sunansa sakan na kusurwa, kuma taurarin Oriyon suna gusawa 15 daga irin waɗannan a kowane sakan na agogo. A milimita 300, fiksel ɗaya na 6D, wato ɗigo ɗaya na hotonta, yana ɗaukar kimanin sakan na kusurwa 4.5. Cikin sakan 30 ke nan tauraro ya ratsa fiksel ɗari.

Sai ya koma dabarar da ya sani ta zauren biki mai ƙarancin haske: ya ɗaga ISO, ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa haske, zuwa 12,800, ya rage lokaci zuwa sakan ɗaya. Layukan sun gajarta, tsakiyar nebular ta fito kamar ɗigon toka, sauran hoton kuwa yashi-yashi ne mai launi. Mun maimaita dare biyar cikin wata guda, sakamakon bai sauya ba. Abin da ya ce in rubuta a littafi a ƙarshen Disamba shi ne: kyamarar biki ba ta iya taurari, a nemi kyamarar taurari.

## Janairu zuwa Maris 2023: sayayyar farko

Wani abokinsa mai zuwa Guangzhou sarin kayan waya ya zo masa da ZWO ASI224MC, 'yar ƙaramar kyamara ja mai kama da gwangwanin tumatir, ba ta da allo, sai an haɗa ta da kwamfuta. Ya kuma sayi madubin hangen nesa na hannu daga wani mai barin gari, mai faɗin milimita 114 da tsawon zuƙowa milimita 900, a kan ƙafafu masu rawa da babu inji a jikinsu.

A daren farko muka ga ramukan wata tas, har yaran gida suka yi layi. A farkon Maris, lokacin da Zara da Mushtari, wato duniyar Jupiter, suka matso dab da juna a yamma bayan magariba, ya ɗauki Mushtari da ratsinsa biyu da watanninsa. Murna ta gaske muka yi a daren nan. Sai dai ba wannan ya fito nema ba.

Da aka juya kan nebula, kyamarar ta kasa. Sensarta, wato farantin da ke kama haske a cikinta, ba ta kai milimita 5 a faɗi ba. A kan madubi mai milimita 900, abin da take gani na sama kashi ɗaya ne cikin uku na digiri, bai ma kai faɗin wata ba, alhali nebular Oriyon ta kai digiri guda. Kamar a leƙa kasuwa ta ramin makulli ne. Kuma da yake babu inji, duk abin da aka samo da ƙyar yakan fice daga allo cikin minti ɗaya da 'yan sakanni. An yi wannan kyamara don wata da duniyoyi masu haske, inda ake ɗaukar dubban hotuna cikin sauri a zaɓi masu kyau. Abin da ke nesa mai dusashen haske kuwa yana son akasin haka: fili mai faɗi, da dogon lokaci. Hazo ya ƙara nasa. A Janairu da Fabrairu akwai dararen da in ka ɗaga kai, manyan taurari kaɗai za ka ƙirga.

## Afrilu zuwa Satumba 2023: damina da shawara

Ruwa ya sauka, aka naɗe kaya. Cikin wannan hutu na kai shi wajen wani tsohon malamina na kimiyyar fizik, wanda ya yi ritaya yana zaune wajen Bukuru. Mai hoton ya buɗe kwamfuta ya nuna masa hotunan, ya ce:

"Baba, wace kyamara zan saya yanzu? Na ga ana yabon wata mai sanyaya kanta."

Dattijon ya daɗe yana duban layukan Nuwamba, sannan ya ce, "Ɗana, kyamararka ta farko lafiyarta ƙalau. Ƙasa ce ke tafiya da kai. Nemi abin da zai juya kyamarar yadda sama ke juyawa, ka yi shekara da shi. In ka dawo, kai za ka gaya mini kyamarar da kake buƙata."

A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan waje suka tashi. Mai hoton ya sayar da madubin, ya riƙe 'yar jar kyamarar don ba wanda ya taya, ya haɗa da kuɗin aikin Babbar Sallah ya aika aka zo masa da Sky-Watcher Star Adventurer. Ƙaramin inji ne da ake ɗorawa tsakanin ƙafa-uku da kyamara, yana juyawa sau ɗaya a kwana daidai da tafiyar taurari, yana ɗaukar nauyin kilo 5, kuma batir huɗu na tocila sun ishe shi.

## Oktoba zuwa Disamba 2023: injin ya yi aiki, iyakar kyamara ta bayyana

Matsalar farko ba a jikin kyamara take ba. Injin ba ya bin taurari daidai sai an saita sandarsa ta fuskanci Tauraron Arewa. A Ingila tauraron yana sama da digiri 50, ana ɗaga kai a gan shi. A Jos digiri 10 kawai yake, wato tsayin dunƙulen hannu in ka miƙa shi, can ƙasa inda rufin maƙwabta da hayaƙin gari da ƙura suka taru. Dare uku muka yi muna nemansa ta ƙaramin madubin da ke cikin injin ba mu same shi ba. Abin da ya fisshe mu wata manhaja ce ta kyauta mai suna NINA, wadda ke ɗaukar hoto a wurare uku na sama, ta gane taurarin, ta faɗi yawan kuskuren da inda za a murɗa. Ba ta buƙatar ganin Tauraron Arewa sam. Da aka samu saitin, ya zana wurin ƙafafu uku da fenti a kan siminti, don kada a sake farawa daga tushe kowane dare.

Ya koma lens ɗinsa na 70 zuwa 200, ya tsayar a 200, ya ɗaure da salatif don kada ya zame. Yanzu sakan 60 taurari suna nan ɗigo-ɗigo. A makon 13 ga Nuwamba ya ɗauki hotuna 60 na galaksin Andromeda, kowanne minti ɗaya, a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya haɗa su da manhajar Siril. Galaksin ya fito da hannayensa da baƙin ratsin ƙura, daga nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Ya yi shiru a gaban allo ya fi minti biyar. Kyamarar nan ce dai da muka rubuta wa hukunci a bara.

Nan ya koyi cewa haɗa hotuna ke wanke yashi, amma da tsada: in kana son tsabtar hoto ta ninka biyu, sai ka ninka lokaci huɗu. Ya koyi hotunan duhu, waɗanda ake ɗauka da murfi a rufe don a cire hasken ƙarya da zafin sensa ke haifarwa. Ya koyi hotunan fari, waɗanda yake ɗauka da asuba da farin yadi a bakin lens don a goge inuwar ƙura da duhun gefe. Littafinmu kuma ya nuna mana abin da ba mu sani ba game da garinmu: dararen da suka fi tsabta suna tsakanin ƙarshen Oktoba da farkon Disamba, bayan ruwa ya wanke iska, kafin hazo ya yi ƙarfi. Mako shida ne zuwa bakwai, kuma rabinsu wata ya cinye.

Sai aka juya kan Kan Doki. Awa biyu a dare biyu, abin da ya fito ɗan ja-ja ne da sai an nuna maka. Dalili na farko yana cikin kyamarar kanta. Jan hasken nebula irin wannan daga gas ɗin haidirojin yake fitowa, a tsawon zango nanomita 656, wato ma'aunin launin hasken, kuma masu ƙera kyamarar hoton mutane suna sa wani gilashi a gaban sensa da ke tare mafi yawan wannan ja, don fatar mutum ta fito yadda ido ke ganinta. Shi ya sa Canon ta taɓa fitar da 20Da a 2005, da 60Da a 2012, da EOS Ra a 2019, Nikon kuma D810A a 2015, duk da gilashi mai barin jan ya wuce. Ana iya cire gilashin daga 6D, amma daga ranar amarya za ta riƙa fitowa jawur. Da wannan kyamara yake ciyar da gida.

Dalili na biyu zafi ne. Hasken ƙarya na sensa yakan ninka kusan duk ƙarin digiri 6. Da magariba akwai ɗumi, kafin asuba sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, ita kuma sensar tana ɗumama kanta da aiki. Hotunan duhun da aka ɗauka ƙarfe huɗu ba su dace da hotunan ƙarfe goma ba. Ga shi kuma kowane dare sai an ba da rabin awa ana ɗaukarsu. Wata Asabar ma, bayan daren da ya yi ta sauya lens cikin iska, ya je biki da ƙura a kan sensa, ya kwana biyu yana goge tabo ɗaya-ɗaya daga hotunan mutane.

Dalili na uku hasken gari. Don mu auna shi, a makon 12 ga Disamba muka tafi gidan gonar wani kawunsa a ƙasar Toro, gaba da Tilden Fulani. Mun isa kafin la'asar, kawun ya kai mu muka gaida mai gari, aka sanar da 'yan sintiri, domin mutum biyu da ƙarfe mai ƙafa uku da jar fitila a bayan gari da tsakar dare abin tambaya ne, kuma da gaskiyar mai tambayar. Awa ɗaya a can ta fi awa huɗu a saman benenmu. Sai dai Disamba watan bukukuwa ne, tafiyar dare ba ta da daɗi ga mai iyali, kuma duk lokacin sau biyu kawai muka samu zuwa. Ya fahimci cewa kayan da ba za su yi aiki daga gida ba, ajiya za su zama.

## Fabrairu zuwa Afrilu 2024: tsohuwar kyamara da aka yi wa tiyata

Hanya mafi arha ya fara bi. Ya sayi Canon 600D ta hannu, ƙirar 2011, mai megafiksel 18, ya kai wa wani mai gyaran kyamara ya cire gilashin da ke tare ja. Karon farko sensar ba ta zauna daidai ba, taurarin gefen hagu suka fito da wutsiya, na dama kuma lafiya. Aka sake buɗewa, aka daidaita kusoshi ukun da ke riƙe da ita, ta gyaru.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, kuma ya zo mana daidai: wata sabo ne, mutane a farke. Bayan tarawihi mukan ɗauki Rosette, wata nebula mai siffar fure gabas da Oriyon, kafin ta gangara. Wajen sha biyun dare sai mu juya kudu, inda nebular Eta Carinae ke kaiwa ƙololuwarta, digiri 20 kacal sama da ƙasa. Jan ya fito a duka biyun, irin wanda 6D ba ta taɓa nunawa ba. Wannan ya tabbatar da zancen gilashin.

Amma Maris da Afrilu su ne zafin Jos, kuma sensar 2011 ce. Yashi ya yawaita, wasu ratsi na kwance suna bayyana in an ja hoton. Ya samo filta mai barin launi biyu kawai su wuce, jan haidirojin da shuɗi-koren oksijin mai nanomita 501, tana tare sauran hasken gari. Filtar ta duhunta sama yadda ake so, amma ta rage haske har sai an bar kyamara minti uku zuwa biyar. Injin shi kaɗai ba ya riƙe tauraro tsaf tsawon haka, kusan rabin hotunan muka zubar. Waɗanda suka tsira kuma zafi ya cika su da ɗigon ja da kore.

## Mayu zuwa Satumba 2024: zaɓi

Wannan karon da takarda da biro ya zauna, ba da hotunan talla ba. Tambayoyinsa daga littafi suka fito: lens ɗina 200 ne, injina kilo 5 yake ɗauka, dararena ba su da yawa, daga cikin gari zan yi aiki, kwamfutata tsohuwa ce, wuta kuma ba tabbas.

Wani abokin sana'arsa a Abuja yana da Seestar S50, ƙaramin madubi mai kyamara a ciki da ake sarrafawa da waya, wanda ya fito a 2023 a kan kimanin dala 500. Ya je ya gwada, ya yaba ƙwarai, ya ce da a ce da shi ya fara, da bai sha wahalar shekarar farko ba. Abin da ya hana shi: filinsa siriri ne, bai kai digiri ɗaya a faɗi ba, ba a sauya masa lens, kuma yadda yake bin sama a lokacin yana sa hoto ya riƙa murɗawa a hankali, murɗawar da ta fi tsanani a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu.

Ya daɗe a kan kyamara marar launi, wadda ake ɗaukar ja da kore da shuɗi daban-daban ta filtoci a haɗa daga baya. Ita ce ta fi kama haske, babu musu. Amma hoto ɗaya sai an kammala kowace filta, kuma a garin da hazo kan sauko ba sallama, mutum zai iya ƙare shekara da ja da kore babu shuɗi. Ga kuɗin filtoci da faifan juya su, ga nauyi. Ya ajiye ta.

Saura biyu, duka masu launi, duka masu sanyaya kansu, duka da fiksel mai maikiron 3.76: ASI2600MC Pro da ASI533MC Pro. Ta farkon tana da megafiksel 26 da sensa mai faɗi, kuma ita zuciyarsa ta fi so, don mai hoton biki ya saba auna kyamara da megafiksel. Kuɗinta kusan ninki biyu ne, kowane hoto ya haura megabait 50, kuma faɗin sensar zai tona duk aibin lens a kusurwoyi. Ta biyun megafiksel 9 ce kawai, murabba'i, fiksel 3,008 kowane gefe, milimita 11.3. Ya yi lissafi: a ninka girman fiksel da 206, a raba da tsawon lens, ya ba shi sakan na kusurwa 3.9 a kowane fiksel, wanda ƙaramin inji zai iya riƙewa. Filin kuma digiri 3.2 ne kowane gefe. Kan Doki da nebular Harshen Wuta da ke gefensa za su shiga da sarari, Rosette za ta shiga, Surayya za ta shiga, Andromeda ma in an kwantar da ita daga kusurwa zuwa kusurwa. Sensar tsakiyar lens kawai take amfani da shi, inda ya fi kaifi. Ba ta kuma da hasken gefe da wasu tsofaffin sensoci ke fitarwa a dogon ɗauka.

Kimanin dala 800 ce, lokacin da dala ke wajen naira 1,500. Kuɗi ne mai nauyi ga mai shago, kuma sai da ya yi shawara da mai ɗakinsa, ya jinkirta sayen sabuwar firinta. Ta iso a Agusta, tare da mahaɗin da ke riƙe lens ɗin Canon a tazarar milimita 44 daga sensa, mai aljihun zura filta.

Abu biyu ya yi kafin ruwa ya ɗauke. Na'urar sanyayawar tana son wuta bolt 12, tana iya saukar da sensa digiri 35 ƙasa da iskar waje. Ya ja waya daga batirin sola na gida, ya tsayar da ita a digiri 5 ƙasa da sifili, ya rufe murfi, ya ɗauki hotunan duhu na minti ɗaya da na minti uku a cikin ɗaki ana ruwa a waje. Tunda zafin sensar ba zai ƙara sauyawa ba, waɗannan za su yi masa aiki watanni. Na biyu, ya ciro 'yar jar kyamarar nan daga akwati, ya ɗaura ta a bayan wani ɗan madubi mai milimita 30. Aikinta yanzu ta zuba wa tauraro ɗaya ido, in ya gusa manhajar PHD2 ta gaya wa inji ya gyara.

## Oktoba 2024 zuwa Fabrairu 2025: sakamako

Daren gwaji na farko raɓa ta ɓata shi, lens ya yi gumi kafin sha ɗaya. Ya naɗa masa ɗamarar ɗumamawa mai aiki da USB, matsalar ta wuce. Da mai gadin tauraro, minti uku ya zauna, cikin hotuna goma ɗaya ko biyu kawai ake zubarwa.

A dare uku na makon 1 ga Disamba ya tara hotuna 80 na minti uku-uku, awa huɗu cif, daga saman bene, da filta mai launi biyu, fitilun titi suna kunne. Da Siril ta gama haɗawa ya ja hasken, jan labule ya bayyana a bayan Alnitak, a jikinsa kuma ga baƙin kan doki da wuyansa da hancinsa. Ya kira ni ƙarfe biyun dare. "Malam, taso ka gani." Na haura da silifas. Ya buga shi babba washegari, ya kai wa dattijon Bukuru.

Filtar ta ƙara masa darare, domin ko wata ya kai rabi tana aiki in nebular ba ta kusa da shi. Rosette da ya sake ɗauka a ƙarshen Disamba ta fi ta Maris tsabta nesa ba kusa ba, da tsawon lokacin ɗauka kusan ɗaya.

Akwai abin da bai gyaru ba. Galaksi da Surayya haskensu na kowane launi ne, filtar tana yanke su tare da hasken gari, kuma in an cire ta sama ta yi fari. Andromeda ta saman bene da sabuwar kyamara ba ta kai abin da 6D ke bayarwa a Toro ba. Launin taurari a bayan filta ba ya fitowa na gaskiya. Hazo mai kauri kuwa babu sensar da ke ratsa shi. A Janairu mun fi rubuta "ba a fita ba" fiye da komai. Kayan kuma sun ƙaru: kwamfuta, wayoyi huɗu, batir, rabin awa na haɗawa kafin hoto na farko.

## Hukunci

A ganina kuskuren Disamba 2022 shi ne babba, kuma da hannuna na rubuta shi. An ɗora wa kyamara laifin juyawar ƙasa, aka kashe kuɗi da lokacin rani guda a kan maganin ciwon da babu shi. Cikin duk abin da ya saya, injin bin taurari ne ya kawo tazara mafi girma tsakanin hoton jiya da na yau, kuma da kyamarar da yake da ita tun farko.

Sayen ASI224MC kuskure ne na rashin lissafi ɗaya, wato auna faɗin sensa da tsawon madubi a gwada da girman abin da ake son ɗauka. Minti biyu ya isa a yi shi. Aikin gadi da ta samu daga baya sa'a ce, ban lissafa shi cikin dabara ba.

Ban ga asara a 600D ba. Da kuɗi kaɗan ta raba masa matsala biyu da suka cakuɗe, ta nuna cewa gilashin ne ke tare ja, zafi kuma ke kawo yashi. Wanda ke zaune a ƙauye mai duhu, yana ɗauka cikin sanyin Nuwamba da Disamba, zai iya tsayawa a kanta shekaru, kuma zan ba shi shawarar haka.

Ita kuwa ASI533MC Pro ta yi nasara ne don ta dace da wannan mutum a wannan gari. Sanyayawar ta sa dogon ɗauka ya yiwu, dogon ɗauka ya sa filta ta yiwu, filta ta mai da saman bene wurin aiki, wanda shi kaɗai ne wurin da yake iya zuwa duk daren da sama ta buɗe. Ta kuma raba kayan taurari da kayan neman abinci. Megafiksel 9 ɗin da ya so ya raina ba su taɓa gaza masa ba, har a hoton da ya buga ya rataye a shago. Da yana da madubi mai tsawo da inji babba, ko da burinsa galaksi ne, da amsar ta sauya, kuma galaksin har yanzu bashi ne a kansa.

Yanzu 600D tana hannun yaron shagonsa, wanda ke hawa benen tare da mu yana koyon saita inji. Mai hoton ya riga ya gaya wa kawunsa cewa in Allah Ya kai mu Nuwamba, a makon da babu wata, zai ƙi karɓar aikin biki na kwana uku, mu tafi Toro da sabuwar kyamarar ba tare da filta ba, don Andromeda.